Yadda Za a Bibiyi Ma'aikata da Na'ura Ba Tare da An Kashe Musu Gwiwa Ba

Kafin mai kamfani ya sanya manhajar bibiyar ma'aikata, ya fara tantance abin da yake son gani. Idan motsin linzamin kwamfuta ne ko sa'o'in zaman kujera, gara ya dakata, domin ma'aikaci yakan karkata ƙoƙarinsa zuwa ga abin da ake ƙirgawa. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da 12 bisa zargin yin dabarar da ke nuna suna danna madannai alhali ba sa aiki. A auna abin da aka kammala: takardun da aka gama, ƙorafin da aka warware, kayan da suka isa kan lokaci.

Daga nan a sanar da ma'aikata a rubuce abin da ake tattarawa, wanda zai gan shi, da ranar da za a goge shi. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a sami dalili na halal, kuma kada a tara fiye da buƙata.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsanantawa. Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ci tarar reshen kamfanin Amazon mai kula da rumbunan kaya Yuro miliyan 32, kamar yadda ta sanar a Janairun 2024, saboda na'urorin hannun ma'aikata suna lissafa duk tsayawar da ta wuce minti 10, har da kayan da aka duba cikin ƙasa da daƙiƙa 1.25. A ganina, wanda aka bi wa numfashi haka zai daina taimaka wa sabon abokin aiki, tunda na'urar ba ta ƙirga taimako. Binciken Ethan Bernstein na Jami'ar Harvard a wata masana'antar wayoyi a Sin ya nuna cewa layukan haɗa wayoyi da aka kewaye da labule sun fi sauran samar da kaya da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, domin ma'aikata sun sami sararin gwada dabarunsu ba tare da fargaba ba.

Saboda haka a kashe bibiya lokacin hutu da sallah da bayan tashi, kada kuma a taɓa wayar mutum ta kansa. Idan alƙaluma suka nuna rauni, shugaba ya zauna da ma'aikacin ya ji ta bakinsa kafin hukunci, domin ɗaukewar wuta ko katsewar intanet ma na iya bayyana a manhaja kamar lalaci.