Masu gina gidajen kwali, ku shata layi kafin ku lanƙwasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga ƙananan gidajen kwali da wasunku suka haɗa, sun yi kyau ƙwarai, sai dai kusurwoyin da yawa sun kakkarye. Ga yadda nake yi.

Kafin ka lanƙwasa, ɗora rula a kan layin, ka bi shi da biron da tawadarsa ta ƙare, kana ɗan dannawa. Ba yankawa za ka yi ba, shatawa kawai. Kwalin zai lanƙwasu sumul. In kuma kwali mai kauri ne, irin na taliya, duba ramukan nan da ke cikinsa: a bango su miƙe daga ƙasa zuwa sama, haka ya fi ɗaukar nauyin rufi.

Batun awo, ni na fi son 1:50. Kowace mita 1 ta koma santimita 2, ke nan ƙofa mai tsayin mita 2 santimita 4 ce. Ka yanke ƙofa da tagogi tun kwalin yana shimfiɗe, da sabuwar reza, don mai dakushi yaga take yi.

Gam kuwa, farin nan na kafintoci ya wadatar, amma ɗan kaɗan, da tsinken ashana. Na taɓa lafta shi a wani zaure da na kwana uku ina yi, har da zankwayensa, washegari na tarar bangon ya jiƙe ya bauɗe. Abin ya yi min ciwo. Yanzu da fil nake riƙe mahaɗar har ta bushe, da damina kuma nakan bar ta ta kwana.