Darasi na 7: Shirya Gida Kafin Iskar Farkon Damina

A Kumasi da ƙauyukan da ke kewaye da ita damina biyu ake yi a shekara. Babbar tana kamawa daga Maris zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta biyo baya daga Satumba zuwa Nuwamba. Amma ba ruwan tsakiyar damina ne ya fi kwashe rufi ba, hadarin farko ne na Maris da Afrilu. A wuni ana gumi, da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, sai iska ta riga ruwa isowa, kafin a gama kwashe shanya ta gama ɓarnarta. Saboda haka gyaran gida aikin Fabrairu ne, lokacin da katako yake a bushe kuma kafinta bai yi wuyar samu ba.

Yadda iska ke ɗaga rufi

Da yawa suna zaton tura kwano iska take yi. Jansa take yi sama. In ta bi ta kan rufi a guje, sai ta fizge shi kamar mai ɗaga murfin tukunya. In kuma ƙofa ko tagar da ke fuskantar hadarin ta buɗe, iska ta cika ɗaki tana turowa daga ƙasa. Ja a sama, turi a ƙasa, rufi ya tashi. Don haka da ganin hadari ya haɗu, a rufe kowace ƙofa da taga, a sa sakata.

Rufi kamar sarƙa yake. Ƙusa ta riƙe kwano a jikin siririn katakon da ke kwance, wanda kafintoci ke kira tubaitu. Shi kuma yana kan babban katako, tubaifo. Tubaifo yana zaune a kan katakon da ya bi saman bango. Inda aka fi yin sakaci shi ne gaɓar ƙarshe, tsakanin katako da bango. Sau da yawa za ka ga rufi ya faɗa gonar maƙwabci ɗungurungum, kwano da katako a haɗe, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba. Ba a ɗaure shi da bango ba ne, nauyinsa kawai ke riƙe da shi. Maganinsa siririn rodi mai kaurin milimita 6, ko wayar ɗauri da aka ninka huɗu. A huda bango bulo biyu ko uku ƙasa da katakon, a zura, a naɗo ta kan tubaifo, a murɗe tam. A yi wa kowane tubaifo haka, a fara da na kusurwoyi huɗu, domin nan iska ke soma cizo.

Duba rufi

Da tsakar rana maigida ya shiga ɗakin da ba silin, ya tura ƙofa, ya ɗaga kai. Duk inda haske ya sauko siriri kamar zare, nan ruwa zai bi. Ya sa alama da alli. Sannan ya danna sukundireba a jikin katako. In ta nutse, ko gari ya zubo, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, kuma ƙusa ba ta kama irin wannan. Sai canji. Katakon itacen da ake kira wawa yana da araha amma gara na sonsa. Odum ya fi juriya, sai dai tsada. Wanda wawa ce ƙarfinsa, ya shafe ta da maganin gara kafin a ɗora.

A bisa rufi, a taka kan layin ƙusoshi kawai, nan ne akwai katako a ƙasa. Ƙusar da ta ɗago kai, da zoben tsatsa kewaye da ita, ta gama aiki. Kada a mayar da ita raminta, a buga sabuwa mai hula a kusa, a toshe tsohon ramin da kwalta. Ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A bakin rufi da ƙololuwa da gefuna, kowane tudu ya samu tasa; a tsakiya ana iya tsallake ɗaya. Inda kwano ya hau kan kwano ta tsawo, kada hawan ya gaza santimita 15, wato kusan taƙi ɗaya. Leɓen rufin da ya zarce bango kuwa kada ya wuce santimita 45, in ya yi tsawo ya zama hannun da iska za ta kama.

Ɗora duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano al'ada ce da ta cika zangonni, amma ba gyara ba ce. Iskar da za ta ɗaga rufi ba dutse zai hana ta ba, kuma in ya gangaro, kan mutum zai sauka.

Bango da tsakar gida

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwan da ke zuba daga kwano yana fantsama yana cin ƙasan bango har ya yi masa ƙugu. A cike gindin da ƙasa a daddaɓe, ta gangara waje, in da hali a yi masa dakalin siminti. A yashe kwata tun ba ta cika ba. Mazauna Aboabo da Asawase sun san abin da leda da shara ke yi wa rafi: ruwan da ya rasa hanya ɗakin mutane yake nema. Reshen mangwaro ko darbejiya da ya leƙo kan rufi a sare shi. In yana kusa da wayar lantarki, a bar wa ma'aikatan ECG, kamfanin wutar lantarki. Agaden da ta ɗauki nono a tokare ta da gora.

Hatsi

Masarar da ta ji laima takan yi fumfuna, kuma gubar fumfunar tana lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe ta. Ga gwajin da uwargida za ta iya yi, ko a Ejura take ko a cikin gari. A samu busasshiyar kwalba, a zuba masara kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau. A rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15. In gishiri ya manne a jikin kwalba, masara ba ta bushe ba, a mayar da ita rana. Buhu kuma a kan katako ake jera shi, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Lokacin da ake ruwan

In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, aradu na iya isowa inda kake: a shiga gini, a bar gindin itace da fili da bakin rafi, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A zare talabijin da firji da cajar waya daga soket. In ruwa ya fara shigowa ɗaki, a kashe wuta daga babban makunni tun ƙafa ba ta jiƙe ba.

Kurfoti ba ya kwana a rufaffen ɗaki, komai sanyi. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu yana kayar da babba, balle yaro ɗan aike. Wayar lantarki da ta faɗo, a ba ta mita 10, a kira 112. Rufin da ya tafi ko gidan da ya rushe, a kai rahoto ofishin NADMO, hukumar agajin gaggawa, na gunduma.

Bayan ambaliya ruwan rijiya ba abin yarda ba ne, a tafasa shi. In zawo ya kama wani, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a hanyar asibiti. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Aikin aji

Malama ta ga walƙiya, ta ƙirga 12 kafin ta ji tsawa. Kilomita nawa ke tsakaninta da hadarin, kuma me ya kamata ta yi?

Rufin wani ɗaki kwano 14 ne, kowane kwano na cin ƙusa 20. Ƙusa nawa za a saya? Kowa ya ƙirgo kwanon ɗakinsa ya zo da lissafin mako mai zuwa.