Tanner ba baduku ba ne, jama'a a daina haɗa su

Sau da yawa in aka ce wa ɗan makaranta ya faɗi sunan mai aikin fata da turanci sai ya yi caraf ya ce tanner, shikenan ya gama. To ba haka abin yake ba. Tanner majemi ne, wato mai jima, wanda yake karɓar ɗanyar fata ya cire gashin ya jiƙa ta har ta daina ruɓewa. Baduku kuwa sai an gama jima yake shigowa ya yanka ya ɗinka jaka ko laya ko kube. Asalin kalmar tanner daga tannum take a Latin na tsakiyar zamani, ɓawon itacen oak da aka daka, don shi turawa suke jima da shi kamar yadda majemanmu ke amfani da bagaruwa, kuma sinadarin da ke aikin a duka biyun ɗaya ne, tannin. Shi ya sa ma sunan dangi Barker a Ingila wani lokacin na majema ne, masu aiki da ɓawo.

Wani kwafsi kuma, wasu in sun ji tsofaffin turawa na ce wa sisi tanner sai su ɗauka kuɗin majemi ne. A'a, laƙabin titi ne kawai na tsabar kwabo shida.

Sai currier da courier, nan fa har masu digiri na zamewa. Courier ɗan aike ne, tushensa currere na Latin, gudu. Currier kuma daga corium yake, fata, shi ne wanda ke karɓar fatar bayan majemi ya gama, ya kankare ta ya shafa mai ya laushe ta ya sa mata launi.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce cordwainer. Mutane na ganin cord a gaba sai su ce ai mai igiya ne, alhali babu ruwanta da igiya, sunan birni ne a ciki, Kurɗuba ta Andalus, wato Cordoba a Sifen ta yau, wadda fatar akuyarta ta yi suna a Turai har Faransawan wancan zamani suka riƙa kiran fatar da sunan garin, daga nan mai ɗinka takalmi da ita ya samu suna. A Landan ƙungiyarsu tana da dokokinta tun 1272 kuma har yau tana nan. Irin wannan ne ya faru da jar fatar akuyar Sakkwato da aka riƙa haye Sahara da ita, ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko.

Kuma kar ka ce wa cordwainer cobbler, da can raini ne. Cordwainer sabon takalmi yake yi da sabuwar fata, cobbler gyara ne nasa. Ka ga ke nan wanda muke ce wa shumeka, mai yawo da akwati yana ƙwanƙwasawa a layi, cobbler ne.