Kurakuran masu koyon ɗinki wajen yanka bayas da ɗora shi

Idan wuyan riga ya tattare ko ya ƙi kwanciya a jiki, kafin a ɗora wa keke laifi a duba yadda aka yanka bayas ɗin, wato siririn ƙyallen da ake naɗe bakin wuya da hammata da shi. Yadi saƙa ce ta zaren tsaye da na kwance, kuma ko ta tsaye ko ta kwance ka ja shi ba ya miƙewa sosai. A karkace yake ba da kai, shi ya sa yake iya bin lanƙwasar wuya da hammata.

Babban kuskuren shi ne yanka bayas a miƙe, wai don kada yadi ya tafi a banza. Wannan ba tattali ba ne, ganganci ne. Ƙyallen da aka yanka a miƙe ba zai taɓa zagaya wuya lafiya ba, ko ka kwana kana guga. Wasu kuma su karkata almakashi da ido kawai, sai bayas ya fito yana murɗewa kamar igiya. Karkatar da ake so digiri 45 ce daga bakin yadi, wato gefen da ya zo da shi daga masaƙa. Ka ɗauko kusurwa ɗaya ka ninka, gefen da aka yanka ya hau daidai kan bakin yadin. Layin ninkin nan shi ne hanyarka. Ka danne shi da dutsen guga, ka ja sauran layukan da alli da rula. Faɗin kuwa ninki huɗu na abin da kake so ya fito: inci 2 don bayas mai rabin inci. Ƙyalle mai inci 18 ta kowane gefe zai ba ka bayas mai tsawon kusan yadi huɗu, to ina asarar take?

Sai kuskuren jan bayas. Yaro na kan keke yana jan bayas da ƙarfinsa, yana cire rigar sai wuya ya tsuke. A wuya da hammata ɗan ja kaɗan ya isa, a lanƙwasar da ta turo waje kuwa sassauta masa ake yi. Ni na fi son a fara lanƙwasa shi da guga kafin ya hau keke, a kuma bi wuyan rigar da ɗinki layi ɗaya tun farko don kada ya buɗe.

Wajen haɗa tsiri biyu, kada a jera su baki da baki, gurin zai yi tudu. A gicciya su, fuska na kallon fuska, a ɗinka a karkace, a buɗe ɗinkin da guga.

Bayas ɗin kasuwa mai launi, a jiƙa guntunsa a gani ko yana zuba kafin ya hau farar shadda. Siket ɗin da aka yanka a karkace kuma a rataye shi ya kwana kafin kalmasa, domin zai sauko, kuma ba daidai zai sauko ba. Washegari a daidaita ƙasan da alli, sannan a kalmashe.