Yadda Za Ka Gyara Birkin Gaban Babur Idan Yana Riƙewa

Ka tashi da safe za ka tura babur daga zaure, sai ka ji ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun masara, alhali tayoyin cike suke da iska. Ko kuwa ka yi 'yar tafiya, ka tsaya, ka kai hannu kusa da hob ɗin gaba, wato cibiyar tayar, ka ji zafi na dukan tafinka, har da ɗan ƙauri. Ga mai yana ƙarewa da wuri ba gaira ba dalili. Wannan birkin gaba ne ya kama bai saki ba.

Abin da yawancin mutane ke yi, musamman 'yan acaɓa masu sauri, shi ne su sassauta notin wayar birkin har ya daina kamawa gaba ɗaya, su koma dogaro da birkin ƙafa. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Duk lokacin da ka ja birki, nauyin babur da na mai tuƙi gaba yake komawa, shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawar babur tayar gaba ce ke ɗaukarsa. Ranar da akuya ta faɗo maka a titi, birkin baya kaɗai jan ƙasa zai yi da kai. Gyaran kuma ba shi da wuya, in dai ka gano inda ciwon yake kafin ka fara kwance noti.

Fara da ɗaga tayar

Ɗora babur a kan babban sitan, ka sa wani ya danna bayansa don tayar gaba ta bar ƙasa. Juya ta da hannu. Idan birkin diski ne, ɗan sautin goga kaɗan ba laifi ba ne, haka yake. Amma taya ta tsaya cak da zarar ka sake ta, wannan riƙewa ce. Matsa birki da ƙarfi, ka saki, ka sake juyawa. In ta ƙara ƙanƙamewa, to birki ne. In kuwa matsawar ba ta canza komai ba, ga tayar tana gurnani ko tana rawa gefe da gefe, ka duba boris, kada ka ɗora wa birki laifin da ba nasa ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu, gwargwadon irin birkin da ke babur ɗinka.

Mai waya da birki shu

Shi ne a kan yawancin Boxer da Jincheng da tsofaffin CG125. Shu su ne ƙarafa biyu masu fata da ke cikin hob, waɗanda ke buɗewa su matse shi idan ka ja birki. A nan masu laifi uku ne: waya, ƙarfen da ke buɗe shu, da sifirin da ke mayar da su.

Kwance notin da ke ƙarshen wayar a jikin taya, ka zare wayar. Tura ɗan hannun ƙarfen da wayar ke ja da yatsanka, ka saki. In ya koma da kansa da sauri, cikin hob lafiya lau, waya ce ta yi tsatsa. Cire ta gaba ɗaya, ka rataye ta a tsaye, ka ɗaura 'yar leda a bakinta na sama kamar mazurari, ka zuba mai mara kauri, ka yi ta jan cikinta sama da ƙasa har sai mai ya ɗigo ta ƙasa. Idan ka ga ko da zare ɗaya na wayar ya tsinke ya baje, kada ka ɓata manka, sayi sabuwa. Wajen mayarwa ka karya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka tabbata wayar ba ta ɗaurewa, domin wani lokaci ba tsatsa ba ce, hanyar da aka bi da ita ce ba daidai ba.

In kuwa hannun ƙarfen ya tsaya inda ka tura shi, sai an buɗe. Cire wayar mita, kwance notin shaf, zare shaf ɗin, fito da taya, ka ɗaga farantin da shu ke jikinsa. Za ka tarar da baƙar ƙura. Kada ka hura ta da baki kamar yadda ake yi a gareji. Wasu shu ɗin akwai asbestos a cikinsu, kuma huhu yake lalatawa. Jiƙa tsumma ka goge.

Kama shu biyun ka naɗe su kamar kana rufe littafi, za su fito tare da sifirin ɗinsu. Kafin ka cire hannun ƙarfen daga kan haƙoransa, yi masa alama, don ya koma inda yake. Wasu ma suna zuwa da ɗan ɗigo a jiki. Sannan ka turo ƙarfen da ke juyawa ya buɗe shu. Nan ne yawanci matsalar take: ruwan damina ya shiga, ƙurar hunturu ta biyo baya, tsohon giris ya zama kamar busasshen taɓo. Goge shi da samfefa mai laushi har ya yi haske, ka share ramin da yake shiga, ka shafa giris kaɗan. Kaɗan na ce, abin da kan yatsa zai ɗauka. Giris ko mai ya taɓa fuskar shu, shu ɗin ya tashi aiki, wanki ba ya dawo da shi.

Duba sifirin: wanda ya miƙe ko ya ci tsatsa a canza shi, ba shi da tsada. Duba fatar shu: in ta kusa milimita 2, ta ƙare. In kuma ta fara ɓamɓarewa daga jikin ƙarfenta, ka gode wa Allah da ka gani yanzu, don irin wannan ce ke kulle taya farat ɗaya ana tsakiyar gudu.

Wajen haɗawa akwai wata 'yar dabara: kafin ka ƙarasa ɗaure notin shaf, matsa birki ka riƙe, sannan ka ɗaure. Haka shu ke zama tsakiyar hob daidai. Daga ƙarshe ka saita notin waya yadda hannun birki zai yi wasa kamar santimita 1 zuwa 2 a ƙarshensa kafin ya fara kamawa.

Mai diski da man birki

Wannan ne ke rikita mutane, har da wasu makanikai, saboda ciwon na iya kasancewa a sama wajen hannu alhali a ƙasa yake nunawa. Gwaji ɗaya zai raba maka gardama. A jikin kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da diski yana matse shi, akwai ɗan nono mai hular roba, wanda ake fitar da iska ta cikinsa. Yawanci sifana mai lamba 8 ke kama shi. Matsa birki sau uku ko huɗu, ka saki, sai ka ɗan buɗe nonon. Idan mai ya yi tsartuwa kuma taya ta saki nan take, kalifa ba ta da laifi, mai ne ya kasa komawa sama. Idan taya na nan a riƙe, to aikinka a ƙasa yake.

Mu ɗauka sama ne. Rufe tanki da tsumma tukuna, domin man birki cin fenti yake. Buɗe murfin 'yar tukunyar man da ke kusa da hannun birki da sukudireban da ya zauna daidai, don kawunan sukurorin nan ba sa jure wasa. Wani lokaci an cika ta ne maƙil. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da wurin zuwa, sai ya danna birki. Rage shi zuwa layin sama. Sannan ka duba hannun birkin, musamman in babur ya taɓa faɗuwa an saka na kasuwa: idan yana danne fistin ɗin da ke tura mai daga tukunyar ko da ba a matsa ba, to ya toshe hanyar komawar mai.

In ba waɗannan ba ne, zuƙe man ka leƙa ƙasan tukunyar. Akwai huji biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙanƙane kamar bakin allura. Wannan ƙaramin shi ne ƙofar da mai ke komawa ta cikinta idan ka saki birki. Ƙwayar datti ɗaya ta ishe shi. Alamarsa kuwa ba ta ɓuya: da safe babur lafiya, kana tafiya birki na ƙara kamawa, har ya tsayar da kai, ya huce ya saki. Zare siririn zare ɗaya daga tsohuwar waya ka tsokane hujin a hankali, kada ka faɗaɗa shi. Idan duk ka yi wannan abin bai bari ba, tiyon da ke kai mai daga tukunyar zuwa kalifa ne ya lalace ta ciki, yana barin mai ya sauka amma ba ya barinsa ya hau. Sai sabo.

Idan kuma ƙasa ne, kwance ƙusoshi biyun da ke riƙe da kalifa, ka rataye ta da igiya, kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyo. Cire fad, wato fatun birki biyu da ke matse diski. A yawancin ƙananan babura kalifa tana zamewa ne a kan sanduna biyu masu rigar roba. Ja ta ka gani. In ta ƙi motsi, ko ka ga fad ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, sandunan ne suka bushe. Goge su, ka shafa giris ɗin silikon ko wanda aka yi domin roba.

A nan zan ɗan tsaya, don abin ya taɓa cina. Na taɓa kai babur wani gareji, yaron shagon ya kwance kalifa ya jefa ta cikin kwanon fetur, ya wanke ta tas, ya cika ta da giris ɗin boris. Ranar kamar sabuwa. Bayan kwana biyu sai da muka haɗu mu biyu muka tura babur ɗin. Robobin birki ba sa shiri da fetur, kalanzir, baƙin mai ko giris na yau da kullum. Kumbura suke yi su shaƙe fistin. Ruwan sabulu da man birki mai tsabta, su kaɗai za su taɓa fistin da robobinsa.

Sai fistin ɗin kalifa, wanda ke tura fad. Matsa birki a hankali ya ɗan leƙo, kada ya faɗo; in biyu ne, tokare ɗaya da katako ka yi ɗaya. Za ka ga zoben datti a jikinsa. Wanke da tsohon buroshin haƙori, ka shanya, ka shafa ɗigon man birki, ka mayar da shi da manyan yatsunka biyu. Ya kamata ya shiga sumul. Maimaita sau biyu ko uku. Kada ka kama shi da filaya, tabo ɗaya ya isa ya yanka roba. In ya ƙi shiga, sai a fitar da shi gaba ɗaya, a cire robobin, a kankare farin garin da ke taruwa a cikin ramukansu, don shi ke turo roba ta matse fistin. Sabbin robobi za ka saka. Fistin da tsatsa ta yi wa ramuka kuwa, ba ya gyaruwa.

Canza mai da fitar da iska

Man birki yana shan ruwa daga iska, ruwan nan kuma shi ke haifar da tsatsar da ka gama gogewa. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, ko da babur bai yi tafiya ba. In ya koma kalar shayi, ya wuce lokaci. Karanta abin da aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, ka sayi shi a rufaffiyar kwalba, ba wanda ake tsiyayawa a gorar ruwa ba. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗancan.

Soka siririn tiyo mai nuna ciki a kan nonon, ɗaya bakin a cikin kwalba. Matsa birki ka riƙe, buɗe nonon kaɗan, rufe, sannan ka saki hannu. Kada ka saki kafin ka rufe, iska za ta koma. Yi ta yi kana ƙara mai a sama, kada tukunyar ta ƙafe, har sai mai fari ya fito ba kumfa.

Idan abin ya ritsa da kai a hanya, sauka gefe ka bari ya huce da kansa. Kada ka watsa wa diski mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa. Buɗe nonon kaɗan mai ya rage, ka rufe, ka lallaɓa zuwa gida.

Kafin ka hau bayan gyara, matsa birki sau da yawa har hannun ya yi tauri, don fistin da ka mayar ciki sai ya dawo ya taɓa fad. Matsawar farko fanko ce. Sake juya tayar a sama, sannan ka zaga unguwa a hankali na kamar minti biyar ba tare da ka taɓa birkin gaba ba, ka tsaya da na ƙafa, ka kai bayan hannunka kusa da diski ko hob. In da sanyi, ya saki.