Kurakuran saita farfela idan an taɓa aksil ɗin baya

Na gaji da ganin ciwo iri ɗaya a garejin nan namu na wajen Ƙofar Ƙaura. A ƙara wa a-kori-kura sifirin don ta ɗauki lodi, ko a ɗora mata aksil na wata mota, kwana biyu ta dawo tana rawar ɗari.

Babban laifin shi ne yin awon karkatar farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya, mota na lilo a kan jak. Ni ma ya taɓa ci na. Wata tsohuwar Hilux na haɗa wa wani Alhaji mai dakon hatsi zuwa kasuwar Mai'adua, na auna ƙafafunta na reto, na bi kujerun sifirin, wato ƙarafan da sifirin ke zama a kansu a jikin aksil, da walda har ƙarshe. Kafin ya kai Mashi, da ta taɓa 80, madubi ya fara kaɗawa, ƙugi na tasowa daga ƙarƙashin kujera. Muka yi balansin taya, muka canja kuros, wato gaɓar da ke kowane ƙarshen farfela, har sau biyu, duk daga aljihuna. Ranar da ya dawo na uku ko zama bai yi ba, ya ce, "Malam, motar ce ba ka iya ba, ko ni ne ba ka so?" Dole na yanke waldar nan na sake.

Kuros idan ya karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, a kowane zagaye sau biyu yake ƙara sauri ya rage. Na bayan ne ke goge abin da na gaba ya ɓata, muddin karkatarsu ta zo ɗaya. Idan wutsiyar giyabos ta sunkuya digiri 3, hancin aksil, inda farfela ke haɗuwa da shi, ya ɗaga 3. Bambancin kuros biyun kada ya wuce digiri 1, kowanne kuma ya tsaya tsakanin 1 da 3. Sauke motar kan tayoyinta a daɓe mai kyau, ka auna, ka ɗiga walda kaɗan, ka sake aunawa. Ni har buhu huɗu nake sa yara su jefa a baya, sannan na sunkuyar da hancin da ƙarin digiri 1, don sifirin na murɗewa idan aka taka wuta. Wasu ba sa yi, ruwansu.

Ku kuma masu miƙe farfela sak kamar sandar makiyayi kuna taƙama, wa ya koya muku? In babu 'yar karkata, alluran cikin kuros ba sa birgima, giris ba ya zagayawa, sai su ci rami wuri ɗaya. Kuma ku daina awo da ido! Wayar da ke aljihunku tana da manhajar auna digiri, ku kwantar da ita a ƙarfen da ya daidaita, ban da wurin walda.

Kafin ka zare farfela mai gida biyu, yi mata alama da fenti don kunnuwanta masu riƙe kuros su koma layi ɗaya. Notin bushin, wato robar da ke ƙarshen sifirin, sai mota ta zauna kan tayoyinta ake ɗaure shi. Notin da ke riƙe sifirin da aksil kuwa, a dawo da motar bayan lodin farko a ƙara masa.