Yadda ake zane da fentin ruwa

Masu ta tambayata ta ina za su fara, to ga shi:

1. Samo takarda mai kauri, 300gsm (awon nauyin takarda ke nan), don ta littafin rubutu jiƙewa take ta yage.
2. Manne gefunanta a katako da salatif.
3. Zana abin da fensir sama-sama.
4. Ajiye ruwa kofi biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na dama kala.
5. Dama kalar ka gwada a gefe, in ta bushe haske take ƙarawa.
6. Fara shafa mai haske, inda kake son fari kar ka taɓa shi.
7. Don Allah jira ya bushe sarai! Nan ake ɓata aiki, gaggawa ke sa kaloli su cakuɗe su koma taɓo.
8. Ɗora mai duhu.
9. Ɓare salatif a hankali.